Ranar da Na Rina Hulunan Kompaninmu

Ba zan taɓa mantawa da ranar sauyin hula ba, ko da tsufa zai kwashe mini sunayen jikokina ɗaya bayan ɗaya (ya ma fara). Kuma ko na so in manta, mutanen Gure ba za su bari ba. Har yau in na ratsa kasuwa da sandata, sai wani cikin masu kanti ya leƙo ya ce, "Marini, an fito?" In amsa masa, don ba ni da bakin musu. Yaran yanzu sun ɗauka sana'ata ce. Ni kuwa soja ne, na yi aikina har na kai lantiret, wato ritaya, rini sau ɗaya tak na yi shi a duniya.

Karatuna bai yi nisa ba. An sa ni lakwal, makarantar boko, a nan Gure, na ɗan taɓa, mushe malaminmu ya ce kaina ya fi dacewa da ɗaukar kaya, ni ma da na duba sai na ga gaskiyarsa. Babana shi ne marini na gaske, a Damagaram ya koyo. Ya so in gaje shi, warin karofi ya kore ni. Abin da na tsinta a wurinsa bai wuce cewa in ka tsoma zane a baba yakan fito shuɗi ba. Da wannan ilimi na shiga soja, na yi ta gardabu, tsayuwar nan ta soja ƙyam, shekara da shekaru, ƙannen bayana suna zuwa suna wuce ni. Faransancina ma na umarni ne: tsaya, juya, tafi. In magana ta wuce nan, sai in gyaɗa kai kamar na gane.

Ana gab da sallamata yaƙi ya ɓarke a wata ƙasa ta kudu, can bakin teku. Ƙungiyar ƙasashen yankinmu ta ce ba za ta zuba ido gidan maƙwabci yana ci da wuta ba, kowace ƙasa ta ba da sojoji a je a shiga tsakani. Da shekaruna bai kamata a ɗauke ni ba. Kapiten Lawali ne ya tsaya mini, ɗan garin Gidigir ne, ubansa abokin babana. A gaban mutane ni ke sara masa, in mun keɓe shi ke ce mini Baba. Ya ce kompani na bukatar mai wanki, ni kuma hannuna bai tsufa ba.

Da na zo bankwana gida, na zauna a majalisarmu ta bakin tasha na buɗe baki yadda na saba. Na ce ba za su sake ganina ba sai an yi sulhu a ƙasar nan, in ya so su tanadi makaɗa. To, a Gure sojan da aka maido daga aiki kafin lokaci ba ya sake shan shayi cikin kwanciyar rai. Za a yi ta tambayarsa abin da ya yi har ranar da za a kai shi makwancinsa. Na san haka sarai, don ni ma ina cikin masu tambayar.

Hularmu a can tsanwa ce, ita ce alamar rundunar yankinmu. Kompaninmu aka ba tsaron wata gada da ta raba ɓangarorin biyu. Ƙasa ce ta ruwa da duhun itatuwa, mutumin da ya tashi cikin rairayin Gure sai ya ji kamar an kifa masa ƙwarya. Ba gero, ba nono, sai rogo da ayaba. Kayan aiki kuwa sai a hankali. An ce takalma na zuwa, ba su zo ba. An ce gidan sauro na hanya, har yau yana hanya. Mota tana nan, mai babu. Amma wallahi ban taɓa jin daɗin zama da mutane kamar lokacin ba. Sojojin ƙasashe maƙwabta, wasu da Turancin Ingilishi, wasu da Faransanci, in an zo cinikin sukari ko aron allura sai ka ji duk an koma Hausa. Sarjan Kiyari, Bamange ne daga Bune, shi ke dafa mana shayi da la'asar, ganye ɗaya sai ya dafa shi har ya nemi gafara. Akwai wani yaro Idi, ɗan garin Gamu, mai tsokana kamar ni, shi ke ɓoye mini sabuni don ya ji ina zage-zage. A bakin gadar nan harsashi ya same shi wata safiya. Can muka binne shi. Kiyari bai dafa shayi ba tsawon lokaci bayan haka.

Ana nan sai labari ya zo cewa babbar ƙungiyar nan ta duniya za ta karɓi aikin. Kapiten ya tara mu ya yi bayani da Hausa don irina. Ya ce ba korarmu za a yi ba. Mu ne muka rugo da bokiti lokacin da wuta ta tashi, don mu ke kusa, su kuma yanzu za su zo da motar ruwa. Sojojin su ne dai, gadar ita ce dai, amma abinci da magani da motoci za su koma hannunsu, hula kuma za ta koma irin tasu, shuɗiya. Sai ya ƙara da abin da ya shafe ni. Ya ce suna da nasu ƙa'idoji, lokotoronsu, wato likita, zai duba kowa, tsofaffi da masu rauni za a maida su gida bayan bikin miƙa aiki.

Ni kuwa ina da gwiwa. A gaban lokotoro na taka kamar ango, amma da ya ce in tsuguna in tashi, gwiwar ta yi magana da kanta, har ya ɗago kai ya dube ni. Ya rubuta wani abu a takardarsa. Tun daga ranar nake neman abin da zan yi a ga cewa kompani ba za ta iya rayuwa ba ni ba.

Ana gobe biki, da hantsi, Kapiten ya zo wurin wankina, Kiyari na biye da shi ɗauke da buhu. Hulunan kompani ne gaba ɗaya, an cire musu bajo. Kapiten yana sauri, ya ce, "Baba, a gyara su sosai. Ka san gobe duk kanmu zai koma shuɗi." Ya juya ya tafi, za su filin gwaji da hular kwano.

Na zauna a kan buhun na yi tunani (wannan shi ne kuskuren farko, tunani ba fannina ba ne). Gobe kanmu zai koma shuɗi. To da wace hular? Ban ga an sauke kwali ko ɗaya ba. Tun da muka zo, wane abu aka ce zai zo ya zo? Sai na ga maganar a fili: sababbin huluna ba su iso ba, Kapiten yana jin kunyar faɗa a gaban Kiyari, ya kuma san ɗan wa nake. Ai shi ya sa ya ce "a gyara", bai ce "a wanke" ba. Zancen manya ke nan, ba a buɗe shi duka. Har na ji ƙwalla ta zo mini, na ce Allah ya jiƙan babana, yau sana'arsa za ta fid da ƙasa kunya.

Na nufi zangon Hausawa na garin da ke kusa da gadar. Akwai wani Alhaji mai kanti, asalinsu Damagaram, kakansa ne ya zo fataucin goro ya zauna. Na ce ya ba ni galura shuɗiya, duk wadda yake da ita.

Ya ce, "Wane irin yadi za ka rina, soja?"

Na ce, "Sirrin aiki ne, Alhaji."

Ya ce, "Na tambaya ne don in ulu ne ba ya kamawa. Kuma in mai launi ne, ba fari ba..."

Na katse shi na ce, "Alhaji, a bakin karofi aka yanke mini cibiya."

Ya ɗaure mini kaya.

Na hura wuta a bayan kicin, na ɗora rabin tano, wato ganga ta ƙarfe, na juye galura. Na tuna babana yakan zuba wani abu don rini ya kama, amma na manta ko mene ne. Sai na ɗauko kanwar da uwargida Hadiza ta ƙulla mini saboda ciwon ciki, kanwar ƙasarmu mai kyau, na zuba duka. Na tsoma huluna ina juyawa da muciya, har da ƴar waƙata.

Da na tsamo ta farko, na daɗe ina kallonta. Ba tsanwa ba ce, wannan kam an wuce wurin. Amma kuma ba shuɗiya ba ce. Ta fi kama da miyar kuka da ta kwana ba a ɗumama ba. Na ce ƙila galura ce ta yi kaɗan, na ƙara sauran. Ta koma miyar kuka da ta ƙone. Na ce ba komai, rini sai ya bushe yake nuna kansa (wannan ma ban san inda na ji shi ba). Na shanya su a inda ba mai gani. Abin da na manta shi ne, a ƙasar nan iska kanta jiƙaƙƙiya ce. A Gure ka shanya riga, kafin ka gama alwala ta bushe. A can sai dai ta yi tsami. Da asuba na kwashe su a jiƙe na maida cikin buhu.

Da safe kompani ta yi layi, kowa ya sha guga, guga ta hannuna kuwa. Kiyari ya kwance buhu ya zura hannu ya fito da guda. Ya juya ta, ya shinshina, ya dubi tafinsa.

Ya ce, "Tsoho, wannan mece ce?"

Na ce, "Shuɗiya ce, Sarjan. Ba ta gama bushewa ba ne."

Ba wanda ya yi dariya. A daidai nan Kapiten ya ɓullo, bayansa sojoji biyu ɗauke da kwalaye. Aka aje, aka buɗe. Huluna ne sababbi fil, launin sararin sama bayan ruwa ya ɗauke. Ashe tun jiya jirgi ya kawo su, suna ofis. Kapiten ya dubi buhu, ya dubi hannuwana da suka rine har gwiwar hannu, ya cire tasa hular (ita kaɗai ta rage tsanwa a kompanin) ya shafa kansa a hankali.

Ya ce, "Baba, bikin duka shi ne a gan mu da tsanwa, a ba da umarni mu cire, mu sa shuɗiya. Shi ke nan bikin. Don shi manya suka taso daga ƙasashensu."

Na ce, "To, ai ba ka faɗa haka ba."

Ya ce, "Ban san akwai wanda sai an faɗa masa ba."

Ba lokacin aro, kowace ƙasa tana bukatar nata. Ba kuma halin ɓoye mu a baya, don saboda gadar nan da muka riƙe an riga an ce kompaninmu ce a sahun gaba, daidai rumfar manya. Haka muka kifa jiƙaƙƙun huluna muka fita.

An yi ruwa da asuba, sai rana ta buɗe da ƙarfinta. Janar na rundunar yankinmu ya tashi ya yi jawabi, mutum ne mai son jawabi. Bayansa wata Madam, wakiliyar ƙungiyar duniya, cikin fararen kaya tas, ita ma ta yi nata, ana fassarawa. Mu kuwa muna gardabu, zufa ta fara aikinta. Na saci kallon Kiyari. Wani shuɗin layi ya taso daga goshinsa, ya bi karan hanci, ya tsaya a kan gashin baki yana shawara. Na dubi na gaba da shi, shi ta kunne tasa ta biyo. Kuma a gardabu ko ƙuda ne ya shiga hancinka ba ka da izinin motsi. Abin haushi, a kan hula rinin bai yi shuɗi ba, amma a kan fatar mutane ya fito shar, irin wanda babana zai yi alfahari da shi.

Aka ba da umarni, muka cire. Kowa da zobe a goshi kamar an ɗora masa tukunya. Masu sanƙo kuwa, irin su Kiyari, kan gaba ɗaya ya rine. Muka sa sababbi, su ma suka fara sha daga ciki.

Sai Janar da Madam suka sauko su bi sahu suna gaisawa, wani yana biye da su da makirfo. Madam ta miƙa wa sojan farko hannu, shi kuma ya ba ta hannun da ya gama matse jiƙaƙƙiyar hula da shi. Ta gaisa da na biyu, da na uku, sannan ta gyara wuyan rigarta. Daga inda nake ina ganin shatin yatsunta a kan farin yadi.

Janar ya tsaya. Ya yi wa Kapiten tambaya da Faransanci, a hankali, irin hankalin da ya fi tsawa. Na ji Kapiten yana cewa laifinsa ne, wannan kalmar kam na santa. Da ban motsa ba, da ƙila an wuce. Amma Janar ya zo daidai ni, ni kuma na buga ƙafa na sara masa da hannun nan nawa. Ya bi hannun da kallo tun daga farce har gwiwa. Ya yi mini alama in fito.

Kapiten ya fassara, "Ya ce wa ya sa ka?"

Na ce, "Ba wanda ya sa ni, ranka ya daɗe. Na ga tun da muka zo ba abin da aka ce zai zo ya zo. Na ɗauka hular ma haka ne, na ce bari in rufa mana asiri a gaban baƙi."

Ban lura mai makirfo ya matso da abinsa bakina ba. Maganata ta fita ta kowace kusurwa ta filin, filin da rabinsa ke jin Hausa. Sai dariya ta taso daga sahun wata ƙasa can baya, ta bi layi layi har ta iso rumfa. Kapiten ya buɗe baki zai gyara zancen a fassara, Janar ya ɗaga masa hannu. Ashe ya taɓa zama a ƙasar Hausa. Ya dube ni, ya dubi rigar Madam, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Ka rufa asiri da kyau, tsoho."

Na so ƙasa ta tsage, amma ƙasar can laka ce, ko ta tsage sai ta maido ka.

Da yamma Kapiten ya same ni a bayan kicin ina kankare tano. Ya ce Kanar, babban da ke samansa, ya so a sa ni a jirgin farko zuwa gida, ga gwiwa ga wannan. Ya roƙa, Kanar ya ce to a tambayi waɗanda aka ɓata wa huluna, abin da Sarjan ɗinsu ya ce shi za a yi. Na ji sanyi, don ni da Kiyari mun sha shayi tare. Sai Kapiten ya ce, "Baba, akwai abin da ba ka sani ba. Hular Idi tana cikin buhun. Kiyari ya aje ta tun ranar da aka binne shi, ya sa a wanke ne don ya kai wa uwarsa."

Dariyar filin nan ba ta yi mini komai ba in aka gwada da wannan. Na zazzage buhu na nemo ta, Kiyari ya yi mata alama da jan zare daga ciki. Na wanke ta da sabuni, na wanke da toka, na wanke da lemun tsami. Rinin da ya ƙi zama a kan hula lokacin da ake bukatarsa, yanzu ya ƙi fita. Washegari na kai wa Kiyari ita yana zaune yana gyara bindigarsa, kansa har lokacin da sauran shuɗi. Na tsuguna, gwiwa ta yi ƙara, ban kula ta ba.

Na ce, "Sarjan, ga ta. Iyakar abin da na iya ke nan. In ka ce in tafi, ban ga laifinka ba."

Ya karɓa ya daɗe yana juya ta. Sannan ya miƙo mini.

Ya ce, "Tafiya? Ka riga ni isa gida ka zauna a bakin tasha ka gyara labarin yadda kake so? Ba inda za ka. Za ka zauna har a gama, mu koma tare, ka kai wa tsohuwar da hannunka, ka faɗa mata da bakinka abin da ka yi."

Haka na zauna. An raba ni da wanki, aka tura ni feraye doya a kicin, tare da wasu masu dafuwa da ƙungiyar duniya ta kawo daga wata ƙasa mai nisa ta gabas. Ba ma jin yaren juna, da yatsa muke hira, su suka koya mini cin yaji har in yi kuka. Motoci suka koma farare, mai ya samu, gidan sauro ya zo. Amma in rigima ta tashi a bakin gada, mutanen ƙauyen ba sa yarda da kowa sai an kira musu tsofaffin fuskokin da suka sani tun lokacin tsanwa. Sababbin suna da kayan aiki, mu muna da sanin wanda ba ya ga maciji da wane. Da haka aka lallaba har ɓangarorin suka zauna a tabarma ɗaya.

Bayan mun dawo, ni da Kiyari muka hau motar kasuwa zuwa Gamu. Mun sami uwar Idi a tsakar gida tana sussukar gero. Muka yi gaisuwa, muka yi addu'a, sannan Kiyari ya zungure ni. Na fito da hular na ba da labari tun daga buhu har makirfo, ban rage komai ba, don yana zaune yana gadina. Tsohuwa ta riƙe ta a cinya tana shafawa. Na ga kafaɗunta suna rawa, na ɗauka kuka ne, kuma kukan ne, amma da dariya a ciki.

Ta ce, "Ai da Idi yana nan, shi zai hura maka wutar. Ya san ba daidai ba ne, kuma ba zai faɗa maka ba sai an gama."

Ta sa aka dama mana fura. Kiyari ya sha, ya ce ta fi shayinsa, wanda ba ƙaramar magana ba ce daga bakinsa.

Abin da na koya dai, in babba ya yi magana a dunƙule, ba lallai akwai wata hikima a ciki ba, wani lokaci sauri kawai yake yi. Tun daga nan ba a aikena ban yi tambaya ba, har mutane sun gaji. Ko ranar kasuwar da ta wuce, Hadiza ta ce in kai jar akuyar nan a canzo ta, ta cika ɓarna. Na ce, "A canzo ta da wata, ko a canza mata kama?"

Ta dube ni sama da ƙasa, ta karɓe igiyar daga hannuna, ta ce, "Zauna. Ni zan kai ta."